'Yata ta kawo mini takardar shiga gasar waƙa ta talabijin, waɗanda suka san harkar a Italiya su fitar da ni duhu

Baban 'Yan Mata, Brescia:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta hana ni barci kwana uku, na ce bari in kawo ta gaban manya. 'Yata ta fari shekararta 17, a nan Brescia aka haife ta, saura mata shekara guda ta rubuta jarrabawar fita sakandare, wadda suke kira maturità. Ranar Lahadi bayan mun ci abinci ta ajiye mini takarda a gaba, wai in sa hannu za ta je gwajin shiga gasar waƙa ta talabijin. Ta ce ko Amici ko X Factor, duk wadda ta buɗe mata ƙofa. Daga can kuma wai sai Sanremo, babban bikin waƙa na Italiya, kamar mai cewa za ta je kasuwa ta dawo.

Ni shekarata 22 a ƙasar nan ina aikin ƙarfe. Iyakar sanina da Sanremo shi ne in makonta ya zo a watan Fabrairu, abokan aikina Italiyawa ko zancen ƙwallo ba sa yi, kowa ya zo da jan ido don ya kai ƙarfe biyun dare a gaban talabijin. Yarinyar tana da murya, wannan ba na musu. Abin da nake tambaya shi ne, gasar nan hanya ce ta gaske da mutum zai bi ya ci abinci, ko kuwa masu talabijin ne ke cin kasuwarsu da 'ya'yan mutane?

Hajiya Mai Tuwo, Bergamo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a je ko'ina, uwar yarinya me ta ce?

Baban 'Yan Mata, Brescia:
Hajiya, ta ce ruwana. Amma na lura ita ta buga mata takardar a wurin aikinta, don haka kin san inda ta karkata.

Tsohon Direba, Torino:
Alhaji, ni tun 1989 nike ƙasar ga, a tele mai ƙaton baya na fara kallon Sanremo, zamanin Pippo Baudo, wanda ya jagoranci bikin har sau 13. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Laura Pausini ta hau dandalin nan a 1993 tana 'yar shekara 18, ubanta mai kiɗa ne a gidajen cin abinci, ta ci ɓangaren sababbin mawaƙa. Yau har Meziko da Ajantina cika fili take yi. Shekarar da ta biyo baya Andrea Bocelli, makaho, ya ci wannan ɓangaren. Kafin su Eros Ramazzotti ya ci shi a 1984, yaro daga unguwar talakawa a gefen Roma. Waɗannan ukun su ne duniya ta sani in an ce mawaƙin Italiya, kuma duk ta ƙofa guda suka shigo. To ka ga ba za a ce hanyar ƙarya ba ce.

Mu ma a Nijar muna da gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987, ta fito da makaɗa da yawa. Bambancin kawai, a can in ka ci gasa sai ka koma gida da kofi da tafi, a nan kuwa akwai kasuwa tana jiran ka a bakin ƙofa.

Ɗalibin Bologna:
Baba Direba, da girmamawa, amma kun haɗa abu biyu da ya kamata Alhaji ya raba su, don a nan ne amsar tambayarsa take.

Sanremo daban, su Amici da X Factor daban. Sanremo asalinta gasar waƙoƙi ce, ba gasar mutane ba. An fara ta a 1951 a gidan cacar garin Sanremo, a rediyo ma, don a jawo baƙi garin lokacin sanyi. Waƙoƙi 20 aka kawo, masu rera su kuma Nilla Pizzi da Achille Togliani da wasu 'yan biyu mata, su ke nan. Sai 1955 ta shiga talabijin, daga 1977 kuma ta koma gidan wasan Ariston. Har yau ƙa'idarta ita ce waƙar ta kasance sabuwa fil, ba a taɓa jin ta a waje ba. Kuma ba a zuwa a yi layi a shiga rukunin manya. Mutum ɗaya, daraktan bikin, shi ke zaɓar waƙoƙin daga cikin ɗaruruwan da aka aiko masa, galibinsu ta hannun kamfanonin faifai. Akwai ƙaramar ƙofa ta matasa, amma ko ita da wuya ka ga yaro ya shiga ba shi da kamfani ko manaja a bayansa.

Amici kuwa shirin Maria De Filippi ne a tashar Canale 5, tun 2001 ake yin sa, da farko da wani suna. Makaranta ce aka sa mata kyamara. Ana kulle yara watanni, ana nuna darasinsu da kukansu da faɗansu da malamai. X Factor ta zo a 2008 a Rai 2, ta koma Sky a 2011. Waɗannan biyun su ne ke ɗaukar wanda ba a sani ba.

Dangantakarsu ita ce: ƙananan suna noma, Sanremo ce kasuwar da ake kai amfanin. Ku duba shekaru biyar kacal. A 2009 Marco Carta ya ci Sanremo, ɗan Amici ne. A 2010 Valerio Scanu, ɗan Amici. A 2012 Emma, 'yar Amici. A 2013 Marco Mengoni, ɗan X Factor. Shekara ɗaya ce ta kuɓuce musu, 2011, da tsoho Roberto Vecchioni, malamin makaranta, ya ci, kuma ko a ranar Emma ce ta zo ta biyu tare da wata ƙungiya. Ba wai sun fi kowa murya ba. Yaron da ya yi wata shida yana shiga ɗakin mutane kullum ta talabijin ya riga ya tara rundunar masu jefa masa ƙuri'a ta waya. A 2010 abin ya kai makaɗan bikin suka fusata da sakamakon, suka dunƙule takardun kiɗansu suka watso su kan dandali, ana kallo kai tsaye.

Ɗan Zongo, Napoli:
To ai ka ga inda munafuncin yake. Lokacin da ƙuri'ar jama'a ke ba 'yan Amici nasara, an ce jama'a ba su san waƙa ba. Da jama'a suka zaɓi namu kuma sai aka ƙwace. 2024, Geolier, yaron unguwar Secondigliano a nan Napoli, ya yi waƙarsa da harshen Napoli. Kashi 60 cikin 100 na ƙuri'ar waya shi ya samu a zagayen ƙarshe. Angelina Mango kashi 16. Wa aka ba? Angelina. Saboda 'yan jaridar da ke zaune a ɗaki mai ɗumi ba su ba shi ko kashi biyu ba. Daren Juma'a da ya zo na ɗaya, mutanen cikin Ariston ihu suka yi masa, wasu suka tashi suka fice yana tsaye. Ni kuɗina na sa, na jefa ƙuri'a har wayar matata. Alhaji, in ɗan Napoli da kakanninsa a ƙasar aka binne su an yi masa haka, 'yarka baƙar fata me kake tsammani?

Ɗalibin Bologna:
Yaya, alƙalumanka daidai ne, amma ba ƙwace ba ce. Tun kafin a fara an rubuta cewa ƙuri'ar waya kashi 34 ce, 'yan jarida 33, gidajen rediyo 33. Kowa ya shiga da sanin haka. Kuma takobin nan kaifi biyu gare shi. A 2019 Ultimo ne ya fi kowa ƙuri'ar waya da nisa, Mahmood na uku cikin ukun ƙarshe, amma alƙalai da 'yan jarida suka ɗaga Mahmood ya ci. Mahmood ɗin nan ubansa Bamisire ne, cikin waƙar akwai layi da Larabci, har Ramadan ya ambata. Matteo Salvini, yana ministan cikin gida a lokacin, ya fito ya rubuta cewa shi da Ultimo zai zaɓa. Da ƙuri'ar jama'a kaɗai ake bi, da ɗan baƙo bai ɗauki kofin ba. To wanne kake so? In alƙalai sun yi maka daɗi su ne adalai, in sun saɓa maka ɓarayi?

Ɗan Zongo, Napoli:
Ina so a daina karɓar kuɗin mutane in an san ƙuri'arsu ba ta yanke hukunci. Ƙaramin yaro da kai sai iya lissafi.

Shugaban Zaure:
A yi haƙuri, a bar maganar shekaru. Alhaji tambaya ya yi a kan 'yarsa, kada mu mayar da ita Napoli da Milan.

Mai Situdiyo, Kano:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa taka Italiya ba, amma sana'ata haɗa kiɗa ce, kuma ina bin bikin nan ta intanet duk shekara saboda yadda suke sa makaɗa kusan sittin su buga kai tsaye, abin yana burge ni. Abin da na fahimta shi ne ku duka kuna kallon kofi, alhali masu harkar ba kofi suke kallo ba.

Ɗan Zongo, Geolier ɗinka da aka "ƙwace" wa, bayan wata huɗu ya cika filin ƙwallon Maradona dare uku a jere. Ultimo da ya yi fushi da 'yan jarida a 2019, tun daga lokacin a filayen ƙwallo yake wasa. Lazza ya zo na biyu a 2023, amma waƙarsa ce ta fi kowacce kasuwa a Italiya a shekarar. A 2024 Mahmood na shida ya zo, waƙarsa ce ta rufe shekara a sama. A koma baya ma haka ne. Vasco Rossi a 1983 na biyun ƙarshe ya zo, yau shi ne sarkin filayen wasa na ƙasar, a Modena a 2017 mutum fiye da 220,000 suka sayi tikitin wasansa guda. Zucchero a 1985 shi ma can ƙasa. Tananai a 2022 shi ne kurar baya, ya mayar da abin raha, mutane suka so shi, shekara ta zagayo ya zo na biyar.

Abin da ake saye a Sanremo shi ne ido. Dare biyar, Talata zuwa Asabar, kuma a daren ƙarshe na 2024 cikin kowane mutum goma da ke gaban talabijin a Italiya fiye da bakwai bikin suke kallo. Babu kamfanin da zai iya sayen irin wannan tallar da kuɗinsa. RAI kuma, tashar gwamnati mai nuna bikin, a makon bikin kaɗai tallar da take sayarwa ta haura Yuro miliyan 60. To kowa da abin da ya kai shi: tashar na son masu kallo, kamfani na son waƙarsa ta shiga rediyo da Spotify, mawaƙi na son ya sayar da tikitin rangadinsa na bazara. Kofin kamar goron da ake rabawa ne bayan an gama ciniki. Olly da ya ci a 2025 ma cewa ya yi ba zai je Eurovision ba, gasar ƙasashen Turai da aka saba tura wanda ya ci Sanremo, don yana da wasannin da ya riga ya sayar da tikitinsu. Lucio Corsi da ya zo na biyu aka tura.

Baban 'Yan Mata, Brescia:
Malam Mai Situdiyo, na gode, amma duk waɗanda ka lissafa sun riga sun isa. Ni 'yata ko ƙofar gidan ba ta kai ba. Wanda ya shiga Amici ko X Factor ɗin, ya yi wata biyu aka cire shi, ina yake zuwa?

Mai Ɗaukar Kaya, Milan:
Alhaji, wannan ni zan ba ka amsa, don da gumina na gani. Shekara shida na yi ina aikin kafa dandali, ɗaga lasifika, jan waya. Akwai wani yaro, ba zan kama suna ba, ya fito daga ɗaya daga cikin gasannin nan, ya kai har kusa da ƙarshe. Bazarar farko muka bi shi manyan kantuna, inda ake sa hannu a faifai. 'Yan mata layi har waje, wasu na suma, sai da aka kira 'yan sanda a wani gari. Yana da mota da direba da mai gyara masa gashi. Bazara ta biyu muka kafa masa dandali a bikin wani ƙauye, kujerun roba ɗari uku, rabi babu kowa. Ta uku kamfanin ya sallame shi, don sabon zango ya fito da sababbin yara, kuma 'yan matan nan sun koma can. Daga baya na haɗu da shi a tashar jirgin ƙasa, shi ya fara gane ni. Ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ba rashin kuɗin ba, a'a, ba ya iya neman aikin shago don kowa ya san fuskarsa, sai a ce kai ba kai ne na talabijin ba?

Ya kuma faɗa mini wata magana da ban manta ba. Ya ce takardar da ya sa wa hannu tun ranar shiga ta ba su ikon su riƙe shi in ya yi kasuwa, su sake shi in bai yi ba. Shi ba shi da zaɓi ko ɗaya cikin biyun. Uwarsa ce ta sa hannu, ba su kai wa lauya ba, murna ta hana.

Hajiya Mai Tuwo, Bergamo:
Allah sarki. Ni dama abin da nake gudu ke nan. Alhaji, ni ba zan ɓoye maka ba, ban ga abin da zai kai 'yar Musulmi gidan da ake kulle samari da 'yan mata wata da watanni ana ɗaukar su hoto har wurin kwana ba. Na kalli Amici da jikokina, rabin shirin ba waƙa ba ne, wane na son wance, wance ta yi kuka. Sannan shigar da ake sa musu. In an nuno ta, kafin gari ya waye bidiyon ya isa gida a WhatsApp, kai za a kira ba uwarta ba.

Kuma ko a bar maganar addini. Yaran da suka yi nasarar ma lafiya suke? Sangiovanni daga Amici ya fito, bayan Sanremo ta 2024 ya fito da bakinsa ya ce ya gaji, ba ya jin daɗin ransa, ya dakatar da faifai da wasa. Ita Angelinar da Ɗan Zongo ke jin haushi, kafin shekarar ta ƙare ta soke rangadinta ta ɓace daga idon jama'a. Masu shekara ashirin da 'yan kai fa.

Tsohon Direba, Torino:
Hajiya, wannan tsohon ciwo ne. A 1967 Luigi Tenco, da aka cire waƙarsa daga gasar, a daren aka iske gawarsa a ɗakin otal nan Sanremo. Kuma washegari aka ci gaba da biki. Tsofaffin Italiyawa da na yi aiki da su har yau in an taɓo zancen sai su yi shiru.

Amma Hajiya, mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ɗiyan nan a nan aka haife su. In ka hana ta bana, baɗi ta cika 18, ba ta bukatar hannun kowa. Gara ta je kana riƙe da ita da ta je a bayan idonka.

Ɗalibin Bologna:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Mai Ɗaukar Kaya, don kada a ɗauka tsautsayi ne ya faɗa wa yaro ɗaya. Haka injin yake aiki. Duk shekara dole shiri ya fito da wanda ya ci, ko akwai gurbi a kasuwa ko babu. X Factor ta farko a 2008, wata ƙungiya mai suna Aram Quartet ce ta ci, cikin 'yan shekaru suka watse. Wadda ta zo ta biyu, Giusy Ferreri, mai karɓar kuɗi ce a babban kanti, ita ce ta mamaye rediyo a bazarar. A 2017 Lorenzo Licitra ya ci, Måneskin suka zo na biyu. Ku tambayi kowa a titi wanne ya sani. Måneskin suka ci Sanremo a 2021, a gidan wasa babu ɗan kallo ko ɗaya saboda korona, suka je Rotterdam suka ciyo wa Italiya Eurovision karo na uku, bayan 1964 da 1990. A wata gasar talabijin ɗin, The Voice ta 2014, wata sista ce ta coci, Suor Cristina, ta ci, duniya ta ɗauka, bayan 'yan shekaru abin ya lafa.

Me ya raba waɗanda suka tsaya da waɗanda suka ɓace? A ganina, abin da suka shigo da shi. Måneskin tun suna yara suke kiɗa a titin Via del Corso a Roma, sun zo da waƙoƙinsu da kamanninsu, shirin haske kawai ya kunna musu. Mahmood ya shiga X Factor a 2012, aka cire shi tun da wuri, ba wanda ya tuna da shi. Ya koma ya koyi kiɗa, yana aiki a mashaya, ya riƙa rubuta wa wasu waƙa, sai bayan shekara bakwai ya ci Sanremo da waƙar da ya rubuta a kan ubansa. Wanda kuwa ya shigo da murya kaɗai, yana rera waƙoƙin wasu da kyau, shi ne ake canzawa kamar taya, don murya mai daɗi duk shekara ana samun ɗari.

Kuma kuɗin gaske ma a rubutu yake. A Sanremo ta 2025 an yi ta surutu cewa marubuta 'yan kaɗan ne sunansu ke kan yawancin waƙoƙin, Federica Abbate ita kaɗai tana kan fiye da biyar. Mutane na cewa shi ya sa waƙoƙin suke kama da juna, kuma da gaskiyarsu. Amma ku kalle shi ta ɗaya gefen: duk wanda ya ci, ita ta ci, ba wanda ya yi mata ihu, ba wanda ya san fuskarta a tashar jirgi.

Mai Situdiyo, Kano:
Ɗalibi ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Abin da ban so ba a tsarin nasu shi ne duk shekarar waƙa ta ƙasa guda an rataye ta a mako ɗaya da kunnen mutum ɗaya. Amadeus ya riƙe bikin daga 2020 zuwa 2024, ya shigo da 'yan rap da yaran Spotify, matasa suka dawo kallo, har wasan caca na raha suka ƙirƙiro, FantaSanremo, inda kake haɗa tawagar mawaƙa kamar ta ƙwallo. Wannan ya yi kyau. Amma sakamakonsa, kowa yanzu yana dafa waƙa ne daidai bakin Fabrairu: minti uku da 'yan kai, amshi ya shigo da wuri. Wanda ba a zaɓa ba kuma sai ya ɗage faifansa, don fitar da waƙa a makon bikin kamar kunna ashana ne da tsakar rana.

Ɗan Zongo, Napoli:
Ba dole ba ne sai da su. Sfera Ebbasta bai taɓa shiga gasar ba, Marracash ma haka, kuma ba su rasa komai ba. Ligabue ma. Shi kansa Geolier kafin ya je faifansa ne ya fi na kowa kasuwa a 2023. Su suka neme shi don suna son yaran da ke bin sa.

Ɗalibin Bologna:
A nan kam mun haɗu, Yaya. A 2004 manyan kamfanonin faifai ma ƙaurace wa bikin suka yi, a lokacin ana ganin ya zama na tsofaffi. Kowa na bukatar kowa ne, ƙarfin ne ke sauya hannu.

Anti Nas, Padova:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Maganar fata da Ɗan Zongo ya kawo an wuce ta da sauri, ni kuma ita ce ta fi damuna, don ina da 'ya'ya mata biyu. Ba a ce ƙofar a rufe take ba. Sergio Sylvestre, baƙi ne daga Amurka, ya ci Amici a 2016. Elodie da ta zo ta biyu a shekarar, uwarta 'yar asalin Guadeloupe ce, yau tana cikin manyan mawaƙan ƙasar. Ghali, iyayensa 'yan Tunisiya, ya zo na huɗu a 2024, ya yi waƙa da Larabci a kan dandalin Ariston, a daren ƙarshe ya ce a dakatar da kisan ƙare dangi, jakadan Isra'ila ya yi ƙorafi, aka yi kwanaki ana cece-kuce. Paola Egonu, iyayenta 'yan Najeriya, ta tsaya a dandalin a 2023 cikin masu gabatarwa.

Amma ku tuna abin da aka rubuta a kan Egonu a Facebook a makon bikin, mace da ta sha ɗaga tutar ƙasar a wasan ƙwallon raga. Ita babba ce, ta saba. Yarinya 'yar 17, wadda ko takardar zama 'yar ƙasa mai yiwuwa ba ta samu ba sai ta cika 18, za ta buɗe wayarta ta ga dubu suna cewa ta koma inda ta fito, alhali asibitin Brescia ta fito. Alhaji, ka tambaye ta ko ta yi wannan tunanin. Ba don ka tsorata ta ba. Ni dai na san tawa ba za ta iya ɗauka ba.

Baban 'Yan Mata, Brescia:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Jiya da daddare na zaunar da ita, na karanta mata wasu daga cikin maganganunku. Na Hajiya ta ɓata rai, na Anti Nas ta yi shiru ta ce ai tun firamare take jin irinsa. Da na zo kan na Ɗalibi na tambaye ta, ke kina rubutawa ko ta mutane kike rerawa? Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani littafi da na ɗauka na lissafi ne. Waƙoƙi 14. Biyu a ciki akwai Hausa, irin Hausarta ta 'yan nan, ɗaya a kan kakarta ce da ba ta taɓa gani ba sai a waya. Wallahi ban san tana yi ba, a gida ɗaya muke.

Ban sa hannu ba. Na ce ta gama maturità tukuna, kuma kowace takarda aka ba ta sai lauya ya gani, ko da kuɗin hutuna zan biya. Amici ɗin kuma da ake kwana a can na ce a'a, ta ce za mu sake magana. Yanzu abin da nake so in sani, waƙoƙin nan na littafi, yaya ake yi kada wani ya ɗauke?

Ɗalibin Bologna:
Alhaji, SIAE ce hukumar da ke rajistar marubuta waƙa tana karɓar musu haƙƙinsu, akwai kuma Soundreef mai zaman kanta. A SIAE matasa 'yan ƙasa da shekara 31 ba sa biyan kuɗin shiga, amma tunda ba ta kai 18 ba, a nan ma hannunku za a nema. Kada ta tura wa kowa waƙar a waya kafin a yi rajistar, ko da ya ce shi manaja ne.

Hajiya Mai Tuwo, Bergamo:
Wannan hannun kam ka sa. Ta kakar kuma a turo mini in ji, ni kaɗai, ba a zaure ba.

Ɗan Zongo, Napoli:
In ta kai can wata rana ni zan jefa mata ƙuri'a, da wayata da ta matata. Amma ku gaya mata tun yanzu, 'yan jaridar nan kashi 33 gare su.

Mai Situdiyo, Kano:
Alhaji, in an gama rajistar ka tambaye ta ko tana son a sa mata kalangu a ƙarƙashin ta kakar. Ina da mai bugawa a nan Fagge, ba zan karɓi ko sisi ba.

Baban 'Yan Mata, Brescia:
Zan faɗa mata in ta dawo daga makaranta. Yau aikin dare gare ni, sai da safe.